Wasiƙa daga Manchesta

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da Anti da yara. Ni ma lafiya lau, alhamdulillahi. Sanyi ne dai da aikin dare, kuma an saba.

Na turo N300,000 asusunka ranar Juma'a. Ka ware 120,000 na maganin hawan jinin Inna, 100,000 kuɗin makarantar Auta, ragowar a sayi masara da gero a kasuwar Funtuwa tun kafin su yi tsada. Kada a ba kowa rance a ciki, ko da Kawu ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da ya iso ni, wai Lawal na cinikin ɗorawar nan biyu ta gonar fadama da masu gawayi. Waɗanda amyoyin Baba ke kai! Da hannunsa marigayi ya saƙa su, ya shafe su da kashin shanu, ya turara su kafin ya ɗora. Kai kake riƙe masa bakin wuta in za a sha zuma da dare, ni ina ƙasa da ƙwarya. Da kuɗin zumar nan aka saya mana littattafai. In gaskiya ne, ka tsawata masa tun yau.

Ga shi garin nan ba ya barin mutum ya manta da ƙudan zuma. Hotonsa na jikin kwandon shara, da fitilun titi, da motocin bas masu ruwan ɗorawa da aka fara sa wa a 2023. Malamarmu ta ajin Turanci ta ce sunansa "bee", ana faɗinsa kamar "bi". Tun 1842 yake cikin tambarin birnin, saboda yadda mutanensu ke tururuwa kamar ƙudan zuma a masaƙun auduga a wancan zamanin. Bayan harin bam na 2017 da ya kashe mutum 22, da yawa sun sa an zana musu shi a hannu. Wata tsohuwa da nake kula da ita a gidan tsofaffi tana da shi a wuyan hannunta, kuma in ta ga ina kai da kawowa da faranti sai ta kira ni "busy bee", wato mai aiki ba hutu. Yabo ne a wurinsu. Macen da ke juya kowa a wurin aiki kuma "queen bee" suke ce mata, wannan kam ba a faɗa a gabanta.

Ina jin daɗin sunan "busy bee" ɗin nan, Yaya, don ba a taɓa kai ƙarata ba a wurin nan. Amma in na tuna ina wanke uwar wani alhali ban san yadda Inna ta kwana ba, sai abinci ya fita raina.

Ka gaya wa Lawal in kuɗin babur yake nema, ya yi haƙuri zuwa bayan Sallah, ni zan turo. Kada ya sa gatari a itacen nan, kuma kada Inna ta ji maganar. Na sake faɗa maka, kuɗin makarantar Auta kai da kanka za ka kai, ka ɗauko hoton rasit ka turo mini ta WhatsApp.

In ɗan gidan Alhaji zai dawo nan a watan gobe, a ba shi daddawa da kuka ya taho mini da su. A gaida Gwaggo, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka,
ƙaninka.