Hasashen mahaukaciyar guguwa ba ya faɗin inda za ta sauka

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan hasashen da ake fitarwa kowace shekara game da mahaukaciyar guguwar Tekun Atlantika, wadda lokacinta ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Masanan Jami'ar Jihar Kolorado, waɗanda suka soma wannan aiki tun 1984, da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, suna auna ɗumin ruwan teku, domin da wuya guguwar ta yi ƙarfi idan ruwan bai kai kusan digiri 26 a ma'aunin Celsius ba. Suna kuma sa ido kan El Nino, wato ɗumamar ruwan wani sashe na Tekun Pasifik, wanda ke tayar da iska a sama ta sare kan guguwar tun kafin ta miƙe.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar yawan guguwa tamkar shi ne girman haɗari. Shekarar 1992 ta zo da sauƙi, amma guguwar da aka laƙaba wa suna Andrew ita kaɗai ta yi kaca-kaca da kudancin jihar Fulorida ta Amurka. A 2013 kuwa an yi hasashen shekara mai tsanani, sai guguwa guda 2 kacal suka kai matsayin mahaukaciya. Ya kamata masu rahoto su riƙa bayyana wa jama'a wannan bambanci.

Naka,
Mai karatu