Godiya ga Cibiyar Picower kan binciken kaɗaici a ƙwaƙwalwar ɓeraye

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Picower ta Jami'ar MIT da ke Amurka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a kan aikin da ɗakin binciken Farfesa Kay Tye ya fitar a mujallar Cell a shekarar 2016, lokacin tana tare da ku, da kuma yadda jami'arku ta yi bayaninsa a shafinta kyauta, cikin harshen da malami irina zai fahimta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aikin ya samo asali. Gillian Matthews tana karatun digirin digirgir a Kwalejin Imperial ta Landan, tana nazarin abin da hodar iblis ke yi wa ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a wani ɗan yanki na can ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna dosal rafe. Tsarin gwajin ya tilasta a ware kowane ɓera shi kaɗai na awa 24, sai ga shi ɓerayen da ba a ba su hodar ba, waɗanda aka ajiye don kwatance kawai, su ma mahaɗan ƙwayoyinsu sun ƙara ƙarfi. Da wani ne, da ya ɗauki wannan a matsayin gwajin da ya lalace, ya wuce abinsa. Ita kuwa ta tsaya ta tambayi dalili, har ta gano cewa zaman kaɗaicin ne ya jawo sauyin.

A cibiyarku aka bi diddigin maganar. An ga cewa idan aka kawo wa ɓeran da ya kwana shi kaɗai wani ɗan uwansa, ƙwayoyin nan kan zabura sosai, alhali na ɓeran da bai rabu da abokan kejinsa ba ba su cika motsi ba. Sannan aka zura siririn zare mai kai haske cikin ƙwaƙwalwa domin kunna aikin ƙwayoyin nan da dakatar da shi. Da aka kunna, ɓeran ya ƙara manne wa ɗan uwansa, amma idan babu kowa a wurin sai ya riƙa ƙaurace wa ɓangaren akwatin da ake kunna masa hasken, kamar mai gudun abin da ke damunsa. Da aka dakatar da aikinsu, ɗokin cuɗanyar da ke biyo bayan kaɗaici ya ragu. Tasirin ya fi ƙarfi ga ɓerayen da suka saba jan ragama a keji.

Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa dofamin sinadarin jin daɗi ne, kuma aikinku ya sa na gyara wannan magana, domin a nan rashin jin daɗi ne ke tura dabba neman 'yan uwanta, kamar yadda yunwa ke tura ta neman abinci. Na kuma yaba da cewa ba ku yi saurin ɗora sakamakon ɓera a kan ɗan Adam ba, sai a 2020 da abokan aikinku na ɗakin binciken Farfesa Rebecca Saxe suka gwada mutum 40, suka ga tsakiyar ƙwaƙwalwa tana amsa hotunan jama'a bayan kaɗaicin awa 10 kusan yadda take amsa hotunan abinci bayan yunwar awa 10.

Yanzu duk sa'ad da zan koyar da amfanin rukunin kwatance a gwaji, da labarin ɓerayen nan nake farawa, in zana keji biyu a allo, in bar ɗalibai su yi hasashen abin da ya faru kafin in faɗa musu. Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin kimiyyar halittu