Wasiƙa Kan Rinin Shibori a Siliki

Aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka ce kana so ka gwada shibori. Hannun da ya saba da ɗaurin rini irin na Ƙofar Mata ba zai sha wuya ba, don shiborin Japanawa ma ɗauri ne da baba. A garin Arimatsu, kusa da Nagoya, ana sana'ar tun 1608, galibi kan auduga. Na siliki kuwa Kyoto ce gidansa, inda kimono ɗaya, wato rigar gargajiyar Japanawa, na ɗaurin kanoko mai ƙananan ɗigo-ɗigo kan kai ƙulli 100,000. Kada ka fara da wannan.

Fara da arashi, wato ɗaurin da ake naɗa yadi a jikin bututu. Samu bututun roba mai kaurin santimita 10, ka naɗa yadin a karkace, ka zagaye shi da zare mai ƙarfi, tazarar santimita 1 zuwa 2, sannan ka tura yadin sama ya tattare. In zaren ya yi sako-sako, baba zai kutsa ya cinye zanen duka.

Amma inda mutane ke faɗuwa shi ne karofin. Siliki ba auduga ba ne, ruwan toka mai kaifi yana cin sa: sheƙin ya dushe, yadin ya yi kaushi, daga baya ya riƙa yagewa. Ka rage kaifin ruwan, ya tsaya wajen 10 a ma'aunin kaifin ruwa da ake kira pH, kuma ya kasance da ɗumi-ɗumi kawai. Kafin ɗauri ka wanke yadin da sabulu marar ƙarfi, saboda danƙon silikin yana hana rini kamawa, sai ka ga dabbare-dabbare. Bayan ɗauri ka jiƙa shi da ruwa zalla.

Tsomawa minti 2 ta isa. Ka sa shi a hankali, ban da bugun ruwa, iska tana kashe baban da ke cikin karofi. Zai fito kore-kore. Bar shi minti 15 ya sha iska har ya koma shuɗi, ka buɗa lungunan da yatsa. Duhu daga maimaitawa yake zuwa. Wanda ya bar yadi ya daɗe a ciki don ya huta, launin zai zauna a sama ya riƙa zuba.

Ka ɗauraye da cokali 1 na khal, wato binega, a kowace litar ruwa, ka shanya a inuwa. Kada ka kwance zaren sai ya bushe, in kana son tattarar ta zauna.

Ka gaida mutan gida.

Naka amini.