Rahoton Kwamitin Sake Gina Ajujuwan Islamiyyar Unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da sauran 'yan unguwa. Alhamdulillah ajujuwan nan da iskar farkon damina ta yaye wa kwano har bango ya tsage an gama su, yara sun koma ciki, ga bayanin yadda aka yi da amanar da kuka ba mu.

Inda aka fi yin magana shi ne batun bulon ƙasa da aka yi ginin da shi. Wani dattijonmu ya ce a zaman farko wai mun tara kuɗin mutane za mu mayar da su gidan jiya, kuma wallahi tsoronsa na kan hanya don kowa ya taɓa ganin katangar da ruwa ya cinye gindinta. Amma wannan ba tubalin hannu ba ne, jar ƙasa ce ake tankaɗewa a zuba mata siminti ɗan kaɗan a danne da inji, ba a gasawa balle a ƙona itace, sai dai a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa har ya yi ƙwari. Samarin unguwa ne suka buga shi a nan filin makaranta, kuɗin aikin a aljihunsu ya tsaya. Fandisho da dutse aka yi, abin da Bauchi ba ta rasa ba, aka ɗaga shi ya wuce inda ruwa ke fallatsa, bakin kwano kuma aka miƙo shi waje sosai ya rufe bango. Ginin ƙasa in ka tsare masa kai da ƙafa daga ruwa ka gama da shi, wanda ke shakka ya je Kafin Madaki ya ga gidan da shahararren maginin nan na da, Babban Gwani, ya gina, har yau yana nan tsaye.

Maganar zafi ita ce ta fi damunmu, duk wanda ya shiga tsohon ajin a watan Afrilu ya san yadda yara ke jiƙewa sharkaf, malam na biya karatu suna gyangyaɗi. Yanzu an bar rata tsakanin silin da kwano iska mai zafi na fita ta nan, an sa raga saboda jemagu, tagogi na kallon juna kudu da arewa, gefen yamma da rana ke duka an yi masa baranda. Wata 'yar unguwa da ta karanta zanen gine-gine ce ta kawo shawarar, ta nuna mana makarantar da Francis Kéré ya gina da ƙasa a Gando ta Burkina Faso, mai zanen gine-ginen da ya samu Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Allah Ya saka mata da alheri, ko sisi ba ta karɓa ba.

An sa sola tana jan fanka da fitilun karatun dare, babu sayen fetur. Ruwan kwano ana tara shi a tanki don alwala.

Lissafin shige da fice yana manne a allon makaranta, rasit na hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage banɗakin mata ne, sai darbejiyar da aka shuka, awaki sun fara taɓa ta, muna roƙon iyayenmu mata a riƙa ɗaure su kafin a gama kewayewa.