Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Albarkatun Ruwa kan kogin Haɗejia

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni manomi ne daga yankin Guri a jihar Jigawa, shinkafa nake yi da rani da damina, kamar yadda mahaifina ya yi. Na rubuto maka ne akan ruwan da ke biyo mana daga sama, wato daga dam ɗin Tiga da na Challawa, don wallahi mu da muke ƙasan kogi mun gaji da zama kamar baƙi a ruwan da rayuwarmu ta dogara a kai.

Tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, kogin nan ya canza hali. Da can ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, ya janye da rani ƙasa ta sha iska, masunta su kama kifi, mu shuka a bayan ruwa, Fulani su shigo da shanu. Yanzu kuwa ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani na Kadawa da Kura da ruwan shan Kano, ba wanda ke ƙin wannan, 'yan uwanmu ne kuma suna buƙata, amma ruwan da ba ya ƙafewa shi ya haifar mana da ciyawar kacala. Ranka ya daɗe ka zo ka ga kacala da idonka, ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa ta tara yashi da laka, har kwale-kwale ba ya iya ratsawa. Ruwa ya rasa hanya sai ya karkata ta rafin Marma zuwa Nguru ya cinye gonaki, can kuma wajen Gashuwa da Geidam ana kukan ƙarancinsa. A cikin kacalar nan tsuntsayen jan baki ke kwana, na taɓa tsayawa da gwangwani ina kaɗawa tun asuba har magariba ni da yarana, duk da haka rabin shinkafar ta tafi.

Ga damina ita ma ta rikice. Sai a yi sati uku ba ɗigo, sannan a sauke na wata guda cikin kwana biyu. Mun ga 2020, mun ga 2022 yadda ambaliya ta yi mana a Jigawa, sannan duk duniya ta ga abin da ya samu Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Tsarin sakin ruwan da aka gina akan damina irin ta da ba zai riƙe ta yanzu ba.

Roƙona ba mai wuya bane. A zauna a fitar da jadawalin sakin ruwa na Tiga da Challawa tare, a sa mutanen ƙasan kogi a teburin, manoma da sarakunan ruwa da ardo-ardo, ba sai ma'aikata kaɗai ba. Duk sanda za a buɗe ƙofa a faɗa a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci kwanaki kafin nan, mutum ya samu ya kwashe buhunansa da injin ban ruwansa. Hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar tarayya mai lura da ruwan koguna, ke fitarwa kowace shekara ya daina tsayawa a Abuja, ya iso hannun mai unguwa. Kuma dan Allah a riƙa yashe kogi da cire kacala tun watan Maris da Afrilu, ba sai ruwa ya shiga ɗaki a turo katifa da taliya ba.

Maganar gina dam ɗin Kafin Zaki akan kogin Jama'are kuma, kafin a sake ɗaga ta a tambayi mutanen Yobe da Borno, don kogin Jama'are da ba a datse ba shi ne yake kai musu yawancin ɗan ruwan da suke samu.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon zuwa Guri kafin damina ta faɗi.

Naka,
wani manomi daga Guri