Kaɗaici da ciwon damuwa a Amurka

Malam Edita,

Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan ciwon damuwa a Amurka. A 2023, babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya ayyana kaɗaici a matsayin annoba, kuma a ganina bai yi ƙari ba, domin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar mutum guda ne kacal a ciki. Ma'aikaci ya fita da asuba cikin mota, ya dawo da dare a gajiye, ya ci abinci gaban talabijin, ko sunan maƙwabcinsa bai sani ba. Gado da talauci suna da hannu a ciwon, amma irin wannan zama yana rura shi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya