Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mana da kwamfutocin tebur masu araha

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ina da cibiyar koyar da kwamfuta a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, inda yara ke zuwa gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Bara na sayi kwamfutocinku na tebur guda 12 a hannun dilanku, sabbi fil a kwali, da takardar garanti ta shekara ɗaya. Yanzu haka biyar daga ciki suna jingine a bango, an lulluɓe su da leda. Na kira lambar da ke jikin kwalin, na aika saƙo, shiru kamar an aiki Bawa garinsu. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Na san abin da na saya. Ƙwaƙwalwarta Celeron ce mai araha, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) 4GB, ban sa ran za ta yi gudun mai ƙwaƙwalwar Core i5 ba, kuma ba rashin sauri ya sa na rubuto ba. Ƙorafina a kan kayan da kuka zuba a ciki ne, waɗanda ba a rubuta su a kwali, ba kuma mai saye da zai gan su sai ranar da kwamfuta ta mutu.

Da mai gyaranmu ya kwance ta farko, akwatin wutar, wato na'urar da ke rarraba wa sassan kwamfuta lantarki, ya fara cirowa ya ɗora mini a hannu. Sakayau, ba nauyi. Babu sunan wanda ya ƙera shi, babu tambarin 80 Plus da ke nuna an gwada shi an tabbatar ba ya ɓarnar wuta fiye da kashi 20 cikin ɗari. A ciki kafasito biyu, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta su daidaita ta, sun kumbura, kansu ya tsage, wani ruwa mai launin ƙasa ya bushe a kai. Ya nuna mini rubutun da ke jikinsu na iyakar zafin da za su iya jurewa, digiri 85, alhali masu ƙwari digiri 105 ake rubuta musu. Injiniyoyinku sun fi ni sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan irin wannan kafasito kusan gida biyu. To a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, a kwamfutar da fanka ɗaya tal ce ke shan iska, me kuke tsammani? Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta kowace kafa, ko 'yar raga ta tace ƙura ba ku sa ba. Bambancin kuɗin kafasito mai kyau da maras kyau bai taka kara ya karya ba, amma shi ya kashe mini kwamfuta sukutum, don a biyu daga ciki akwatin wutar bai tafi shi kaɗai ba, sai da ya ƙona bod, wato babban allon da sauran sassa ke manne a kai.

Dilanku ya ce laifin wutarmu ce. Gaskiya ne wutarmu tana hawa tana sauka, ba wanda bai sani ba, shi ya sa na sa sitabilaiza da UPS tun kafin in kunna su. A kan layin nan ɗaya akwai tsofaffin Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre na hannu, waɗanda sai da suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso mana, har yau suna aiki daga safe zuwa dare. Na yarda waɗancan don ofis aka ƙera su, kuma kowane kamfani yana da masu tsada da masu araha. Amma sabuwa ta riga tsohuwa mutuwa kafin garanti ya ƙare, wannan ba araha ba ce, cuta ce.

Abin da ya fi ci mini rai, ko gyaran ma kun toshe hanyarsa. Akwatin wuta na gama-gari yana da kai mai fil 24, ana samunsa a shagunan Katsina da Kano. Naku wani kai ne daban da ba ya shiga kowane bod sai naku, har Computer Village ta Ikeja an tambayo mana ba a samu ba. Ramin RAM ma guda ɗaya kuka bari. Yaran da iyayensu suka biya kuɗi, wasu daga Batagarawa da Rimi suke zuwa, su biyu suke haɗuwa a kwamfuta ɗaya, ɗaya na latsawa ɗaya na kallo.

Ina neman ku canza mini biyar ɗin nan ko ku mayar mini da kuɗinsu, ku kuma sauya akwatin wutar sauran bakwai ɗin tun kafin su bi sahu. Ku riƙa rubuta sunan akwatin wuta da ƙarfinsa a kwali yadda kuke rubuta RAM, ku ajiye kayan gyara ko da a Kano ne. Rasit, lambobin kwamfutocin da hotunan kafasiton duk suna hannun dilanku. Idan aka buɗe rajistar JAMB ta gaba ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kamar yadda dokar 2018 ta ba ni dama.

Wassalam.

Naku,
Mai cibiyar koyar da kwamfuta,
Katsina.